Hatimin Abuja Ba Ya Gyara Abin Da Ba A Rubuta A Kasuwan Magani Ba

A garuruwan Arewa da dama, aure yakan mutu a kan falle ɗaya na takarda. Sau da yawa daga littafin makarantar yaro ake yago shi, miji ya rubuta layi biyu ko uku, ya sa hannu, ya miƙa wa matar ko ya aika wa waliyyinta. A Kasuwan Magani, cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna, wannan falle ya isa hujja. Liman ya san da zancen, mai unguwa ya sani, maƙwabta sun ga ranar da aka kwashe kayan ɗaki. Idan idda ta cika wani manemi ya fito, takardar za a nuna wa magabatansa, a ɗaura aure ba tare da gardama ba.

Wahala tana farawa ne ranar da takardar ta bar gari. A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya da aurenta ya mutu shekara shida da suka wuce, ta sake aure, mijinta na yanzu yana aiki a Jidda ko a Landan, ya nema mata izinin zama a wurinsa. Ofishin jakadanci zai ce ta kawo shaidar cewa auren farko ya ƙare kafin a ɗaura na biyu. Idan tana son tafiya da ɗanta na auren farko, za a ƙara tambayarta a hannun wa riƙonsa yake, kuma wace hukuma ce ta faɗi haka. Sai ta fito da fallen da ta adana cikin leda a ƙasan akwati. Jami'in da ke bayan gilashi bai san liman ba, bai san mai unguwa ba. Abin da ya sani shi ne hatimin hukuma, lambar shari'a da kwanan wata. A nan ne za a ce mata ta tafi Abuja a tantance takardarta.

Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya da hadiman manyan jami'ai sun san wannan roƙo, domin wayarsu ce take ƙara idan an taso daga gida: a taimaka wa 'yar'uwa a buga mata hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje. Sukan taimaka, kuma sun kyauta. Sai dai hatimin shi ne matakala ta ƙarshe a tsanin da matakalarsa ta farko ta karye, kuma a can gindin tsanin ya kamata hankalin masu tsara manufofi ya koma.

Kasuwan Magani wuri ne da ya dace a duba lamarin, domin a gari ɗaya ana ɗaura aure iri uku, kowanne da ƙofar fitarsa. Akwai auren Musulunci, wanda yakan ƙare da saki daga miji, ko hul'i idan matar ta fanshi kanta, ko kuma alƙali ya raba. Akwai auren gargajiya na Adara da maƙwabtansu, wanda bisa al'ada yakan ƙare ne idan dangin mace suka mayar da dukiyar aure, ko a gaban dattawa ko a gaban kotun gargajiya. Akwai kuma auren doka, wanda ake ɗaurawa a ofishin rajistar aure ko a majami'ar da ke da lasisi, a ƙarƙashin Dokar Aure da ta samo asali tun 1914. Shi wannan Babbar Kotu ce kaɗai take da ikon warware shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Kotu takan fara ba da hukunci na wucin gadi, sai bayan wata uku ya zama na ƙarshe, kuma takardar hukuncin ƙarshe ce ake nema a ƙasashen waje.

Mutane da yawa a kudancin Kaduna sun haɗa biyu: sun yi na gargajiya, sun kuma sa hannu a rajistar majami'a. Idan zama ya ƙi, aka mayar da dukiya, kowa ya kama gabansa, sukan ɗauka magana ta ƙare. A idon doka auren yana nan daram, kuma duk wanda ya sake aure a cikinsu ya taka doka bai sani ba. Ba ya gano hakan sai ranar da jami'in biza ya tambayi takardar Babbar Kotu ta Kaduna ko ta Kafancan, shi kuwa abin da ke hannunsa takardar dattawa ce.

Tsarin Mulkin 1999 da kansa ya raba alhakin. Ɗaurawa da warware auren doka yana cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take yi wa doka, amma an cire auren Musulunci da na gargajiya daga wannan jeri, suka zama na jihohi. A Jihar Kaduna, a shekarar 2001, gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta soke kotunan yanki, ta kafa kotunan Shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya a madadinsu. Wannan ya ba kowane ɓangare kotun da ta san dokarsa. Amma wanda aurensa ya mutu kafin wannan shekara, yau zai nemi fayil ɗinsa ne a kotun da ko sunanta babu.

Hanyar tantancewa a rubuce ba ta da wuyar fahimta. Mai buƙata zai karɓi kwafin hukunci da magatakardan kotu ya tabbatar. Idan da Hausa aka rubuta, ko da ajami, sai an fassara, a kuma tabbatar da fassarar. Daga nan sai Sashen Shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje, a Gidan Tafawa Ɓalewa da ke Abuja, bayan an biya kuɗi ta Remita zuwa asusun bai-ɗaya na gwamnati. Mataki na ƙarshe shi ne ofishin jakadancin ƙasar da za a kai takardar, wanda zai ɗora nasa hatimin a kan na ma'aikatar.

Abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne ma'anar waɗannan hatimai. A al'adar hulɗar jakadanci ta duniya, hatimin tantancewa yana shaida abu kaɗan ne: cewa sa hannun da ke kan takarda na wane ne, kuma wane ɗin yana riƙe da muƙamin da aka ambata. Bai ce komai ba game da ko an yi sakin, ko yaushe aka yi shi, ko saki nawa ne. Jami'in da ke Abuja ba ya nan lokacin da aka kwashe kayan ɗaki a Kasuwan Magani, ba shi kuma da littafin da zai buɗe ya duba. Idan takardar da ta fito daga tushe gaskiya ce, hatimi ya ƙarfafa gaskiya. Idan ƙarya ce, ya tufatar da ƙarya da rigar gwamnati.

Fallen miji kuwa ko wannan layi ba zai iya shiga ba, domin babu jami'in hukuma da ya sa masa hannu. Dole matar ta koma kotun Shari'a ta nemi a tabbatar da sakin. Za a aika wa tsohon miji sammaci. Idan mutumin kirki ne, zai zo ya amsa, a rubuta. Idan yana riƙe da ita a zuci, ya samu damar da ya daɗe yana jira: ya ƙi zuwa, ko ya ce saki ɗaya ya yi kuma ya yi kome cikin idda, ko ya nemi a ba shi wani abu kafin ya buɗe baki. Idan ya rasu ko ya yi ƙaura, sai a shiga neman shaidu kan abin da ya faru shekaru da suka shuɗe. Namiji da ya yi saki ba kasafai yake shiga wannan hali ba, tunda a auren Musulunci da na gargajiya mutuwar aure ɗaya ba sharaɗi ba ce kafin ya ɗaura wani. Nauyin rashin rubutu a kan mace yake sauka.

A Kasuwan Magani akwai ƙarin dalili. A ranar Alhamis 18 ga Oktoba, 2018, rikici ya ɓarke a kasuwar garin, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 55, dukiya mai yawa ta salwanta. A farkon wannan shekarar ma an yi wani rikicin da aka ƙona gidaje da shaguna. Wanda yake gudun tsira da ransa ba ya tsayawa neman leda a ƙasan akwati. A yankin da mutane suka sha barin gidajensu cikin dare, duk haƙƙin da ya dogara da kwafi ɗaya na takarda haƙƙi ne da wuta za ta iya cinyewa cikin minti biyar. Wuraren da suka fi fama da rashin kwanciyar hankali su suka fi buƙatar rajistar da take ajiye a wani wuri dabam.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda babu rajista, takardar rantsuwa ce take maye gurbinta, alhali takardar rantsuwa faɗar mutum ce a kan kansa. Inda hanya ta yi tsawo kuma babu mai bayani, dillalai ne suke cike giɓin. Matar da ta biya kuɗin mota daga Kajuru zuwa Kaduna, ta hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, ta kwana a gidan dangi a Maraba ko Zuba, sannan aka ce mata takardarta ba ta cika ba, ita ce wadda wani zai ja gefe ya ce zai haɗa mata komai cikin kwana biyu. Sau da yawa sakin nata gaskiya ne, takardar da za a haɗa mata ce ta jabu. Idan ofishin jakadanci ya gano, ba za a tambayi ko aurenta ya mutu da gaske ba. Za a rubuta cewa ta gabatar da takardar bogi, kuma a wasu ƙasashe wannan kan jawo hana biza na shekaru.

Illar ba ta tsaya a kanta ba. Ofisoshin jakadancin Jamus a Nijeriya sun daina buga hatimin tantancewa a kan takardun hukumomin ƙasar nan fiye da shekara ashirin da suka wuce. A maimakon haka, idan wata hukuma a Jamus ta buƙata, sukan tura amintattun lauyoyi su je inda takardar ta fito su bincika, mai takarda kuma shi zai biya kuɗin binciken, ya jira watanni. Wannan hukunci ne da wata ƙasa ta yanke a kan ingancin rajistar Nijeriya baki ɗaya, kuma masu gaskiya ne suke biyan tararsa.

A Birtaniya kuwa, Dokar Iyali ta 1986 ta kasa sakin da aka yi a ƙasashen waje gida biyu. Wanda ya bi ta hannun kotu ko wata hukuma ana karɓarsa idan ya inganta a ƙasar da aka yi shi, kuma ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasar ne ko mazauninta. Wanda aka yi ba tare da hukuma ba sharuɗɗansa sun fi tsauri, daga ciki har da cewa kada ɗayansu ya kasance ya shafe shekarar da ta gabaci sakin yana zaune a Birtaniya. Ke nan mutum biyu da aurensu ya mutu a rana ɗaya, a unguwa ɗaya, ɗaya zai wuce, ɗaya a ce masa har yanzu yana da aure, saboda ɗaya ya bi ta gaban alƙali, ɗaya bai bi ba.

Akwai masu ganin cewa maganin duk wannan shi ne Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Heg ta 5 ga Oktoba, 1961, wadda ta maye gurbin doguwar hanyar nan da hatimi ɗaya tak da ake kira afostil. Ƙasashe fiye da 120 suna cikinta. Afirka ta Kudu ta shiga tun 1995, Maroko a 2016, Saudiyya a ƙarshen 2022, Senegal da Sin a 2023, Kanada da Ruwanda a 2024. Nijeriya ba ta ciki. Kiran yana da hujja, domin shiga zai cire matakin ofishin jakadanci, ya rage kuɗi da kwanaki ga ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa. Amma afostil ma sa hannu da muƙami kawai yake shaidawa. Bayan haka, yarjejeniyar ta ba tsofaffin ƙasashen da ke cikinta ikon ƙin amincewa da shigar sabuwar ƙasa a tsakaninsu da ita, kuma Jamus ta yi amfani da wannan iko a kan ƙasashe da dama. Ƙasar da ta shiga ba tare da ta gyara rajistarta ba tana iya tarar da cewa ƙofofin da ta fi buƙata suna nan a rufe.

Wasu kuma za su ce saki lamari ne na addini da al'ada, bai kamata gwamnati ta sa baki ba. Wannan damuwa ce da ya kamata a saurara da girmamawa, musamman a jihar da ta san abin da taɓa addini yake haifarwa. Amsa ita ce rajista ba neman izini ba ce. Ba ta hana miji haƙƙin da Shari'a ta ba shi, ba ta ƙwace wa dattawa hurumin sulhu. Tana rubuta abin da ya riga ya faru ne, da ranarsa da shaidunsa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni da kafa shaidu adalai biyu a lamarin rabuwa ko kome, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani magana take a kan rubuta bashi. Al'ummar da aka horar da ta rubuta bashin hatsi ba za ta ga baƙon abu a rubuta ranar da idda ta fara ba, alhali a kan wannan rana halaccin sabon aure, da nasabar ɗa, da rabon gado suke rataye.

Ƙasashen Musulmi da dama sun riga sun bi wannan hanya, kowace da salonta. Pakistan, tun dokarta ta 1961, ta wajabta wa mai saki ya sanar da shugaban majalisar yankinsa a rubuce, ya ba matar kwafi, a jira kwana 90 don neman sulhu, kuma saboda wannan mataki ne kotunan Birtaniya suke lissafa irin wannan saki cikin wanda ya bi ta hannun hukuma. Maroko, a dokar iyalinta ta 2004, ta sa saki a ƙarƙashin kulawar kotu. Saudiyya kuwa tun watan Janairu na 2019 kotunanta suke aika wa mace saƙon waya idan an yi rajistar sakinta, don kada a sake ta ba ta sani ba. Ba dole ne Nijeriya ta kwafi ɗaya daga cikinsu ba. Malamai da alƙalan kowace jiha su za su zaɓi abin da ya dace da mazhabarsu da al'adarsu.

Abin tambaya ga mai karatu a Abuja shi ne mene ne rabon Tarayya, tunda auren Musulunci da na gargajiya na jihohi ne. Rabonta ba kaɗan ba ne. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi rajistar haihuwa da mutuwa da aure, bai ambaci mutuwar aure ba. Dokar tilasta rajista ta 1992 kuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take aiki da ita, ta haɗa har da aure da rabuwa, sai dai abin da talaka ya sani a ofishin hukumar shi ne takardar haihuwa. A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajistar al'amuran rayuwa ta kwamfuta. Rumbun ya samu, saura a buɗe masa ƙofa ga kotunan Shari'a da na gargajiya.

Matakin farko shi ne takardar shaida iri ɗaya a faɗin ƙasa, mai lamba ta musamman, da Ingilishi da harshen yankin, wadda magatakardan kowace kotu zai cike, ya shigar da ita cikin rumbun tare da lambar shaidar ɗan ƙasa ta ma'auratan biyu. A ba miji ko mata, duk wanda ya riga zuwa, ikon neman rajistar, a sanar da ɗayan, a yi ta tun shaidu suna raye kuma magana ba ta yi sanyi ba. Kuɗinta ya zama kaɗan ƙwarai, domin rajistar da ta fi ƙarfin bazawara mai sayar da ƙosai ba za ta cika ba. A kuma tsare sirrinta: masu ita da kotu da jami'in tantancewa kaɗai za su iya buɗewa.

Na biyu yana hannun Ma'aikatar Harkokin Waje. Ta haɗa kai da shugabannin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ta Gargajiya na kowace jiha, ta riƙa samun sunaye da samfurin sa hannun magatakardan da ke kan aiki, ana sabunta su duk lokacin da aka yi canjin wuri. Ta wallafa bayani da Hausa da sauran manyan harsuna, a kuma karanta shi a rediyo: wace takarda ake nema ga kowane irin aure, nawa ake biya, kwana nawa ake jira. Ta buɗe teburin karɓar takardu a sakatariyoyin Tarayya da ke manyan biranen jihohi, irin ta Kawo a Kaduna, don kada tafiya Abuja ta zama sharaɗi. Rabin cinikin dillali jahilcin mai buƙata ne, ɗaya rabin kuma nisan hanya.

Na uku shi ne tsofaffin fayiloli. Kundayen kotunan yanki da aka soke, da na kotunan da suka gaje su, suna buƙatar a ɗauki hotonsu a adana kafin gara da ɗigar ruwa su gama da su. Wannan aiki ne da Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya za ta iya tallafa wa jihohi a kansa, a fara da ƙananan hukumomin da rikici ya fi taɓawa, irin su Kajuru. Idan waɗannan sun kankama, sai Nijeriya ta nufi Heg da hujja a hannu, ta ce duk takardar da ta buga wa hatimi akwai littafin da za a buɗe a gan ta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar gyaran Tsarin Mulki ko sabuwar hukuma mai motoci da shugabannin gudanarwa. Suna buƙatar takardar shawara da wani mataimakin darakta zai rubuta, da zaman da wani babban sakatare zai kira, da layi ɗaya a kasafin kuɗi da wani hadimi zai tuna wa maigidansa. Hadimin da ya ɗaga waya ya taimaki 'yar'uwarsa ya warware matsalar mace ɗaya. A bayanta akwai wasu a layi, daga Kujama da Kachiya da Zonkwa, waɗanda ba su san kowa a Abuja ba, suna riƙe da fallen takarda cikin leda, kuma gaskiya suke faɗa. Alƙalamin da zai sauƙaƙa musu yana kan teburin ma'aikatan da suke wucewa ta gabansu kowace safiya.